Ɗan hayar da ke cikin tsutsa: daga Kembirij zuwa Libaful

Tsutsa ta farko da na taɓa a Ingila kashe ta na yi, kuma ba da gangan ba. An miƙo mini wata 'yar waya ta filatinam, siririya kamar gashin wutsiyar doki, maƙale a bakin bututun gilashi, aka ce in gasa bakinta a harshen wuta ta tsarkaka, sannan in ɗauko tsutsa ɗaya daga wannan faranti in mayar wancan. Na gasa, ban jira ta huce ba, na kai. A ƙarƙashin madubi na ga abar ta yi miƙa sau ɗaya ta sandare. Malam, tsohon malamina wanda muka yi tafiyar tare, yana tsaye a bayana. Ya ce, "To, ka fara da jana'iza."

Kwana goma sha biyu muka yi a ƙasar, rabi a Kembirij, rabi a Libaful, don wani gajeren horo kan nazarin tsutsotsi ta hanyar ƙwayoyin gadonsu. Malam ya yi shekaru masu yawa yana ƙirga ƙwan tsutsa a bayan gida da 'ya'yan tsutsa a cikin jini, da idonsa da madubinsa, kuma duk na'urar da ba ta barinsa ya ga abu ƙiri-ƙiri ba ya sakin jiki da ita. Ni kuwa tambaya ɗaya na ɗauko. Na sha karantawa cewa dokisisaikilin, maganin da aka yi don kashe bakteriya, yana kashe tsutsar tundurmi da ta makantar kogi. Na san amsar a takarda, har na taɓa koyar da ita, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Tsutsa dabba ce, tana da baki da hanji da jijiya. Me ya haɗa ta da maganin bakteriya?

Wadda na ƙona ɗin ba ta cutar da kowa. Sunanta Caenorhabditis elegans, tsawonta milimita ɗaya, a ruɓaɓɓun 'ya'yan itace da taki take rayuwa, jikinta kuma garau kamar gilashi, kana ganin ƙwai jere a cikinta. Sydney Brenner ne ya zaɓe ta a nan Kembirij, a ɗakin binciken da ake kira LMB, tun shekarun 1960, saboda yana neman dabbar da za a iya sanin kowane lungu na jikinta. Dabarar ta ci. An ƙirga ƙwayoyin halittar jikin babba, 959 ne, 302 daga ciki na jijiya. John Sulston ya zauna a ɗaki mai duhu, awa bayan awa, yana kallon ƙwai yana rabewa yana zanawa da hannu, har ya bi asalin kowace ƙwaya, ya ga 131 daga cikinsu an haife su ne don su mutu a lokacin da aka tsara musu. A 2002 shi da Brenner da Robert Horvitz suka karɓi kyautar Nobel. Tsutsar da ake amfani da ita a yawancin ɗakunan bincike na duniya, wadda ake kira N2, asalinta daga takin noman naman kaza ne a Biristol.

Kiwonta ba wuya. Faranti, ɗan daskararren aga (wani abu mai santsi da ake zubawa a faranti ya daskare), a shafa masa bakteriyar E. coli ta zama abinci, a rufe. Cikin kwana uku ƙwai ya zama uwa. Idan za ka yi tafiya sai ka daskarar da su a sanyi mai tsanani, bayan shekaru ka narkar, wasu su farka su ci gaba da rarrafe. Malam ya daɗe yana kallon sawun da suke bari a kan aga, layi-layi kamar sawun maciji a yashi, sannan ya ce wannan ai 'yar gata ce, shi waɗanda ya sani ba sa zama a faranti.

Rana ta uku wata ɗaliba mai neman digirin digirgir ta ajiye mana faranti biyu, ta ce mu faɗi bambancinsu. A na farko wutsiyar kowace tsutsa a kumbure take, kamar an ɗaure ta da zare. A na biyu lafiya lau. Duka biyun an zuba musu bakteriya iri ɗaya, Microbacterium nematophilum, wadda Jonathan Hodgkin da abokan aikinsa suka bayyana a 2000 bayan ta kutsa cikin faranta ba a gayyace ta ba. Wannan bakteriya ba ta shiga jini, ba ta huda komai. Dubura take samu ta manne, sai wurin ya kumbura. Tsutsotsin faranti na biyu ƙwayar gado ɗaya tak aka lalata musu, cikin masu tsara irin sukarin da ke shafe a saman fatarsu. Da sukarin ya canza, bakteriyar ta zo ta rasa inda za ta kama, ta zame.

A nan na fara ganin inda darasin ya dosa. Fatar tsutsa riga ce mai kauri da aka saƙa da wani furotin mai suna kolajin, C. elegans kaɗai tana da ƙwayoyin gadon kolajin sama da 150, kuma sau huɗu take yin saɓa kafin ta girma. Amma a saman rigar akwai wani shafi siriri na furotin da sukari, shi ne abin da duniya ke taɓawa idan ta taɓa tsutsa. Bakteriya da shi take gane ta. Garkuwar jikin mutum ma shi take fara cin karo da shi. Masu shiga jikin dabbobi sun san haka tun da daɗewa. Tsutsar kare da ake kira Toxocara canis, idan 'ya'yanta suka shiga jikin mutum garkuwa ta aiko musu da dakaru suka manne, sai su tuɓe shafin nan su bar shi a baya su wuce, kamar ɓarawon da aka riƙe wa riga ya zame ya bar ta a hannun mai gida.

Ranar Juma'a aka kwashe mu a mota zuwa Hinkiston, wani ƙauye kudu da Kembirij, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Gonaki, tsohon gidan wani attajiri na da, tafki da agwagi, sai ga gine-ginen gilashi. Nan ne Cibiyar Sanger, wadda Sulston ya fara shugabanta. A 1998 su da abokan aikinsu na Jami'ar Washington da ke Sent Luwis suka kammala karanta kundin gadon C. elegans, harafi kusan miliyan 100, ƙwayoyin gado wajen 20,000. Ita ce dabba ta farko da aka karance kaf. Babu abin kallo sosai a wurin, gaskiya. Na'urorin akwatuna ne farare masu ƙara a hankali, sauran aikin duk a allon kwamfuta yake. Malam ya yi hamma sau biyu.

Abin da ya farkar da shi wani atisaye ne. An ba kowa tarin haruffan DNA da aka samo daga niƙaƙƙiyar Brugia malayi, ɗaya daga cikin tsutsotsi uku masu kawo tundurmi, aka ce mu jera su a kan kundin gadonta, wanda aka wallafa a 2007, mai harafi wajen miliyan 90. Yawancinsu suka hau daidai. Wani kaso ya ƙi. Na ɗauka na yi kuskure, na sake, ya ƙara ƙi. Mai koyarwar ya leƙo ya ce in tambayi rumbun bayanai na wane ne. Amsa ta fito: Wolbachia. Duk wanda ya niƙa wannan tsutsa don ya ciro DNA, kundi biyu zai samu, nata da na wata bakteriya da ke zaune a cikin ƙwayoyin halittar jikinta. Na biyun ƙarami ne, harafi miliyan ɗaya da 'yan kai, kuma an riga an karance shi tun 2005.

Malam ya gyara tabarau. "Kana nufin duk shekarun nan da nake ƙirga su ɗaya-ɗaya, biyu-biyu nake ƙirgawa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kun ma rage. Kowace ɗaya gari guda ce."

Washegari muka kama jirgin ƙasa. Mun sauka a Ili muka canza, daga nan doguwar tafiya ta Pitaboro da Notingam da Shefild da Manchesta. Kewayen Ili fili ne shimfiɗe kamar faifai, baƙar ƙasa, magudanan ruwa miƙe, babbar majami'ar garin tana hange daga nesa kamar jirgin ruwa. Da can duk fadama ce, kuma zazzaɓin cizon sauro ya daɗe yana cin mutanen wurin kafin a janye ruwan. Bayan Shefild sai tsaunuka da tumaki da ramukan jirgi masu tsawo. Malam ya yi barci. Ni na buɗe littafin rubutuna ina jera shekaru, don abin ya tsaya mini. A 1924 Marshall Hertig da Burt Wolbach suka ga wannan bakteriya a cikin sauron gida, a 1936 Hertig ya raɗa mata suna. A shekarun 1970 masu duba tsutsotsin filariya, wato dangin masu kawo tundurmi da makantar kogi, da madubin lantarki suka ga wasu ƙananan abubuwa masu kama da bakteriya a jikinsu, suka ɗauki hoto, suka rubuta. Sai aka yi shiru. Sai 1995 aka tabbatar ta hanyar DNA cewa Wolbachia ce, a tsutsar da ke shiga zuciyar kare. Shekara ashirin hoton yana ajiye a mujalla, babu wanda ya tambayi abin da za a yi da shi.

Mun isa tashar Lime Street da yamma, ana yayyafi, iskar teku tana shiga har ƙashi. Makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful tana kan tudu, tafiyar ƙafa daga tasha. An kafa ta a 1898, ita ce irinta ta farko a duniya, da kuɗin Alfred Jones, mai jiragen ruwan da ke zirga-zirga zuwa Afirka ta Yamma. Ba sai an ɓoye ba, abin da ya dame shi shi ne ma'aikatansa da jami'an mulkin mallaka suna mutuwa, ciniki yana tsayawa. Na tsaya a gaban tsohon ginin jan bulo ina jin abu biyu a raina, don a nan ne kuma Ronald Ross, wanda ya gano cewa sauro ne ke yaɗa ƙwayar zazzaɓi, ya koyar, kuma ma'aikacin makarantar ne, Donald Blacklock, ya nuna a Saliyo a 1926 cewa baƙin ƙudan nan na bakin ruwa mai gudu shi ke yaɗa tsutsar makantar kogi.

Ɗakin kiwon sauro ne wuri na farko da Malam ya yi murmushi tun da muka sauka a ƙasar. Ƙofa biyu ake bi, ba a buɗe ta biyu sai ta farko ta rufu, a ciki kuma zafi da gumi, digiri ashirin da bakwai. Ya tuɓe rigar sanyi ya ce a bar shi nan ya kwana. A nan na ga abin da yake nufi da cewa nasa ba sa zama a faranti. Wuchereria bancrofti, mai kawo kashi 90 cikin ɗari na tundurmi, mutum kaɗai take yarda da shi. Onchocerca volvulus ta makantar kogi ita ma haka. Brugia ce kawai ta yi sassauci, tana yarda ta zauna a cikin wani irin ɓeran hamada, shi ya sa duk da ba ita ce ta fi ɓarna ba, ita aka fi sani. Don a samu zuriya ɗaya sai an shayar da sauro jini mai 'ya'yan tsutsa, a jira kamar mako biyu su yi saɓa sau biyu a cikin naman ƙirjinsa, a ciro su, a sa wa ɓera, a sake jiran watanni. Abin da 'yar gatan Kembirij ke yi a kwana uku.

Wani ma'aikaci da ya daɗe a wurin ya murƙushe sauro a hankali cikin ruwa mai ɗumi, ya tura mini madubi. Da farko ƙafafu da fukafukai kawai na gani. Can sai wani farin zare ya leƙo daga bakin sauron, ya yi lanƙwasa, ya fito gaba ɗaya, wani ya biyo shi, wani ya biyo. Tsawon kowanne bai wuce milimita ɗaya da rabi ba, suna murɗawa ba hutawa. Ɗumin ruwan ne ya yaudare su, sun zaci fatar mutum ce. Sauro ba ya yi wa mutum allurarsu kamar yadda yake yi da ƙwayar zazzaɓi. A kan fata suke faɗowa, su nemi ramin da ya huda su shiga da kansu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Rana ta uku a Libaful ce ranar da na zo dominta. An kashe fitila, aka ɗora wata macen Brugia da aka rina da rini mai ƙyalli. Jikinta ya fito a allo kamar dogon titi da dare. Gefe da gefe, dama da hagu, akwai wasu igiyoyi biyu na nama da suka bi tsawonta a ƙarƙashin fata, kuma cike suke da ɗigo-ɗigo masu haske, dubbai, cunkushe kamar taurari a daren da babu wata. Aka matsa zuwa mahaifa. Ɗigon suna nan a cikin ƙwai tun kafin ya zama komai. Uwa ce ke ba 'ya'yanta, namiji yana ɗauke da su amma ba ya gadarwa. Ba wanda ya yi magana na ɗan lokaci. Malam ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon.

Farfesar da ke jagorantar darasin, wata dattijuwa mai magana a hankali, ta ce a cikin ƙwari Wolbachia 'yar damfara ce, tana juya haihuwarsu don amfanin kanta, har takan kashe maza ko ta mayar da su mata. A cikin tsutsa kuwa zama ya yi zama har ba mai iya rabuwa da wani. Da aka karanta ƙaramin kundin nan aka ga ta zubar da ƙwayoyin gado masu yawa, ba ta iya haɗa yawancin tubalan furotin, sai mai gida ya ba ta. Amma ta riƙe hanyar haɗa him, sinadarin nan mai riƙe ƙarfe da ke ba jini launinsa, da ribofilabin, wato bitamin B2, da tubalan DNA. Tsutsa kuwa ba ta iya haɗa him da kanta. Wane ne daga cikin waɗannan ainihin kuɗin hayar, har yanzu ana kai ruwa rana a kai. Abin da ba a musu a kansa shi ne, a makon farko da tsutsa ta shiga jikin mai jini, bakteriyar tana ninkuwa ɗaruruwa, daidai lokacin da tsutsar ke buƙatar girma, kuma idan aka kore ta, ƙwai ya daina ƙyanƙyashewa, ƙanana su kasa saɓa, manya su yi ta ramewa.

Sai muka zo kan rigar ɗan hayar. Furotin da ya fi yawa a saman Wolbachia ana kiransa WSP. Siffarsa kamar ganga ce da aka kafa a cikin tantanin waje na bakteriyar, da madaukai huɗu da suka leƙo waje. Gangar ba ta canzawa sosai, madaukan kuwa kowane dangi da irin nasa, don su ne ke gogayya da mai gida. Da farko an yi murna da shi, ana amfani da ƙwayar gadonsa wajen tantance dangi, har aka gano cewa dangin suna musayar guntayen madaukan nan tsakaninsu, wanda ya bi shi kaɗai zai haɗa zuriyar da ba ta haɗu ba. Yanzu sai a haɗa da wasu ƙwayoyin gado biyar. Amma wajen ƙirga yana nan daram. Da hannuna na yi gwajin: a auna kwafin ƙwayar gadon WSP nawa ne, a auna na wata ƙwayar gadon tsutsar, a raba. Adadin da ya fito shi ne yawan 'yan haya a gidan. Bututuna biyu daga cikin takwas sun fito fanko, na manta ban zuba musu sinadari ɗaya ba. Malam bai ce komai ba, abin da ya fi magana ciwo.

Abin da ya fi tsaya mini a duk tafiyar shi ne batun ido. Babbar tsutsar makantar kogi ba ta zuwa ido. Tana naɗe a cikin ƙullutu a ƙarƙashin fata, macen takan kai rabin mita, takan yi shekara goma zuwa goma sha biyar tana zuba 'ya'ya. 'Ya'yan ne ke yawo a fata har su kai ga ido, kuma muddin suna raye jiki bai cika damuwa da su ba. Idan suka mutu suka fashe ne wuta ke tashi. An daɗe ana ɗora laifin a kan naman tsutsar. A 2002 wasu masu bincike suka sa wa idon ɓera ruwan niƙaƙƙiyar tsutsa iri biyu, ɗaya mai Wolbachia, ɗaya daga jikin marasa lafiyar da aka riga aka ba dokisisaikilin. Na farko ya sa gilashin idon ya yi hazo, fararen ƙwayoyin jini suka yi dafifi. Na biyu kaɗan ya taɓa shi. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Ko da aka san ɗan haya ne, sai da aka yi kuskuren gane wane ɓangarensa. An fara zargin LPS, dafin da ke saman bakteriya irin su E. coli, don shi aka saba kamawa. Kundin 2005 ya nuna Wolbachia ba ta ma da kayan haɗa shi. An zargi WSP, kuma akwai gwaje-gwajen da suka nuna yana tayar da garkuwa, sai dai Farfesa ta ja mana kunne cewa furotin da aka sa E. coli ta ƙera yakan zo da ƙurar E. coli a jikinsa, sai mutum ya yi hattara kada ya auna ƙura ya ce kaya ne. A 2009, a nan Libaful, aka nuna wani furotin mai jelar kitse da ke jikin tantanin bakteriyar, wanda masu gadi biyu na garkuwar jikinmu, TLR2 da TLR6, ke kamawa tare. Su masu gadin nan ba su san tsutsa ba. Bakteriya suka sani, kuma da sun ji ƙanshinta sai su kira dakaru. Dakarun su zo su yi ta ɓarin wuta a wurin da ya kamata ya zauna garau. A yi haka shekara da shekaru, tabo ya hau kan tabo, ido ya rufe.

Daga nan amsar tambayata ta zo da kanta, da ɗan gari akan ci gari. Dokisisaikilin yana toshe injin ƙera furotin na bakteriya, bai damu da na tsutsa ba. Achim Hoerauf da abokan aikinsa suka gwada shi a Gana, suka wallafa a 2000: mako shida ana sha kullum, tsutsotsin suka daina haihuwa. Gwaje-gwajen da suka biyo baya, har da na tundurmi a Tanzaniya, suka nuna manyan ma mutuwa suke yi, a hankali, cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Wannan jinkirin alheri ne, don tsutsa mai mutuwa farat ɗaya ita ke tayar da kumburi. Ibamektin, maganin tsutsar da ake raba wa jama'a, wanda ya fito daga wata bakteriyar ƙasa da Satoshi Omura ya samo a Japan, William Campbell ya gano amfaninsa, ake kuma rabawa kyauta tun 1987, 'ya'yan yake kashewa ya bar iyayen, shi ya sa sai an yi ta maimaitawa shekara da shekaru har iyayen su tsufa. Ga kuma matsalar Loa loa, tsutsar da ke ratsa farin ido a dazuzzukan tsakiyar Afirka. Wanda jininsa ya cika da 'ya'yanta, ibamektin na iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har ya kashe shi. Loa loa ba ta da Wolbachia ko ɗaya, don haka dokisisaikilin wucewa yake yi ta gefenta.

Na fito daga darasin ina ta zuba kamar ni na gano abin. Mun gangara bakin kogin Mazi, inda tsofaffin ma'ajiyar kayan jiragen ruwa suke, Malam yana tafe da hannuwa a aljihu. Ya bari na gama tsaf.

"Ɗana, ka taɓa ba mutum magani na mako shida, alhali ba ya jin ciwon komai a ranar?"

Na ce a'a.

"Kwana biyar ma sai ka bi shi gida. Mai ciki ba ta sha. Yaro ƙasa da shekara takwas ba ya sha. To ka cire waɗannan, ka cire wanda ya tafi gona, ka cire wanda ya manta. Ibamektin kuwa sau ɗaya a shekara, a auna tsawonka da sanda, a ba ka, ka haɗiye a gabana."

Na ce ai shi ya sa tun 2007 aka kafa wata haɗaka a makarantar nan, A-WOL, don neman maganin da zai yi aikin a mako ɗaya ko ƙasa da haka. Sun gwada sinadarai fiye da miliyan ɗaya. Da yake Wolbachia ba ta tsiro a faranti ita kaɗai, a cikin ƙwayoyin halittar sauro ake kiwonta, a ɗiga mata sinadari, a ƙirga abin da ya rage. Wasu daga cikin abin da suka samo sun kai matakin gwaji a jikin mutane. Ya ce ya ji, in ya ga ƙwayar a tafin hannunsa zai yi murna. A ganina yana da gaskiya a kan rabon magani ga jama'a. Amma na gaya masa, ga mutum ɗaya da ya zo asibiti da ƙullutu a ƙugu, ko ƙafa ta fara nauyi, mako shida ba komai ba ne a kan shekara goma sha biyar. Bai amsa ba, ya tsaya kallon jirgin fito yana juyawa a tsakiyar ruwa.

Ranar ƙarshe an ware ta don tsohon aiki, shafa jini a gilashi da rinin Gimsa, kuma nan ɗaliban suka gane wane ne a cikinsu. Kafin mai koyarwa ya gama bayani Malam ya raba gilasan gida biyu. Wannan Brugia ce, in ji shi, ga kubenta ya sha rini ya yi ja-ja, ga ɗigo biyu a ƙarshen wutsiya a ware. Wannan Wuchereria ce, kubenta bai kama rini ba, wutsiyarta fanko. Kuben nan ɓawon ƙwai ne da ɗan tsutsar ya miƙar ya ci gaba da sawa a cikin jini, wata rigar ke nan a kan riga. Ya gaya musu yadda ake tashin mutane tsakanin ƙarfe goma na dare da biyu don ɗibar jini, saboda da rana 'ya'yan suna ɓuya a jijiyoyin huhu, sai lokacin cizon sauro suke fitowa, abin da Patrick Manson ya lura da shi a Amoy ta ƙasar Sin, inda ya nuna a 1877 cewa a cikin sauro suke girma. Ɗalibai suka kewaye shi, har Farfesa ta jawo kujera.

Da aka tashi, ina haɗa jakata, na neme shi na rasa. Na same shi a ɗakin nan mai duhu, ya roƙi ma'aikacin ya sake ɗora masa macen Brugia. Wannan karon biyu aka ɗora gefe da gefe, ɗaya daga ɓeran da aka ba magani mako shida. Igiyoyinta biyu duhu ne daga sama har ƙasa, sai ɗigo ɗaya nan, ɗaya can, mahaifarta kuma cike da ƙwai da suka tsaya a hanya suka shanye. Malam ya sa yatsa a allon yana bin ɗigon da suka rage, leɓɓansa suna motsi. Na ce masa jirginmu ƙarfe huɗu da kwata ne. Ya ɗaga mini hannu ba tare da ya waiwayo ba, ya ce in dakata, ya kai goma sha bakwai.